Me Ya Sa Firintar Ofis Ke Neman Kalmar Sirrin Admin?

Me ya sa firintar da ke ajiye a lungun ofis, kowa na kallonta, ba za ta karɓi takarda daga kwamfutarka ba sai an nemo yaron IT ya zo ya buga kalmar sirrinsa? Tun watan Agustan 2021 wannan tambaya ke haɗa ma'aikata faɗa da masu kula da kwamfutoci. Ta sake tasowa bayan Microsoft ta janye tallafinta daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ofisoshi suka shiga sauya injuna, kowace sabuwar kwamfuta kuma sai ta sake gaisawa da firinta daga farko. Ga kuma jita-jitar da ake ji cewa wai Microsoft za ta kashe tsofaffin firintoci baki ɗaya.

Na taɓa ganin abin da idona a wani ofis a Kano, wata safiyar Litinin. Hajiyar da ke riƙe da sakatariya tana da wasiƙa mai shafi biyu da oga ke jira kafin ƙarfe goma. Ta danna bugu, sai wani akwati ya fito yana tambayar ko ta amince da wannan firinta, daga nan ya nemi suna da kalmar sirrin admin, wato mai cikakken iko a kan kwamfutocin ofis. Ta juya ta dubi yaron da ke kula da injunan.

"Kai ɗan nan, shekara shida ina bugu da abar nan, yau ne za ta tambaye ni ko na yarda da ita?"

"Ki yi haƙuri Hajiya, ba ke ake tuhuma ba, direban ake tuhuma."

"Wane direba kuma? Direban oga yana can waje yana wanke mota."

Yaron ya faɗi gaskiya, lokacin bayani ne kawai bai samu ba.

Firinta, saba da kundi: kowa da aikinsa

Firintar netwok ita ce mai adireshin IP nata na kanta, an jona ta da wayar netwok ko Wi-Fi, ba a rataye ta a jikin wata kwamfuta da igiyar USB ba. Kowace kwamfuta a ofis tana iya tura mata aiki kai tsaye, galibi ta ƙofa mai lamba 9100, wadda ta shahara ta hanyar katin JetDirect na kamfanin HP, ko ta ƙofa ta 631 a tsarin IPP. Ofis mai mutum biyar haka yake yi, kuma babu laifi. Amma a ce ma'aikata sun kai 200, firintoci 20, ranar da aka sauya firinta ɗaya sai an bi tebur-tebur ana gyara.

Shi ya sa ake kafa uwar garken bugu, wadda 'yan sana'ar ke ce wa saba. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne a tasha: fasinja ba ya bin motoci yana tambayar wace ce ke kan layi, wurinsa yake zuwa. Kwamfutoci suna tura wa saba aiki, ita kuma ta jera su a layi, ta miƙa wa firinta ɗaya bayan ɗaya. Idan an kawo sabuwar firinta, a saba kaɗai ake gyara.

Na uku shi ne kundi. A yawancin manyan ofisoshi sunansa Active Directory, wanda ya zo tare da Windows 2000. Babban littafin rajista ne na ma'aikata: sunan kowane ma'aikaci, kowace kwamfuta, kowane rukuni irin su sashen kuɗi ko sashen shari'a, duk suna ciki. Ana tambayarsa da harshen LDAP, yana tantance mutane da Kerberos. Sabar da ke riƙe da shi ana taƙaita sunanta da DC. Masu aiki da Linux suna yin kwatankwacinsa da Samba ko OpenLDAP, su haɗa da CUPS wajen bugu.

Kuskuren da mutane da yawa ke yi, har da wasu sababbin 'yan IT, shi ne zaton takarda tana bi ta cikin kundi kafin ta isa firinta. Ba ta bi. Abin da ke cikin kundi alamar kwatance ce kawai: sunan firinta, sabar da take kai, hawan benen da take, ko tana buga kala, ko tana buga gaba da baya. Da ka samu kwatancen, harkarka da saba ce.

Yadda ake haɗa su a aikace

Matakin farko shi ne wanda aka fi rainawa, kuma a nan ƙasar shi ya fi cizo: a ba firinta adireshi tsayayye. Idan aka bar rauta, wato na'urar da ke haɗa netwok ɗin ofis, tana raba adireshi yadda ta ga dama, da NEPA ta ɗauke wuta aka tayar da janareto, injuna su farka ba bisa tsari ba, firintar da jiya take kan adireshin da ya ƙare da 45 yau tana iya tashi a kan 61. Saba kuwa tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, allon kowa yana nuna firinta a kashe take alhali ga fitilarta kore. Maganin shi ne ko a rubuta mata adireshi da hannu a wajen zangon da ake rabawa, ko a keɓe mata ɗaya a DHCP, wato tsarin da ke raba adireshin, bisa lambar MAC ɗinta, lambar shaidar da ta zo da ita daga kamfani.

Daga nan sai a koma kan Windows Server a ƙara aikin da ake kira Print and Document Services, a buɗe Print Management, a ƙirƙiri ƙofar TCP/IP mai nuni ga wancan adireshi, a ɗora direba, wato manhajar firintar, a raɗa suna. Suna ma abin lura ne. Idan aka bar sunan da kamfani ya sa, mai dogayen lambobi, ba wanda zai san wace ce ta ofishin kuɗi wace ce ta ɗakin taro. Suna irin Bene2-Kudi-Kala ya gama bayani.

A shafin rabawa akwai wani ɗan akwati da aka rubuta List in the directory. Shi ne gadar da ke tsakanin saba da kundi. Da an yi masa alama, saba za ta rubuta firintar a Active Directory a matsayin wani abu da ake kira printQueue, a ƙarƙashin sunan ita sabar. Wanda ya buɗe kundin yana nema ba zai gan ta ba sai ya kunna zaɓin da ke nuna kwamfutoci a matsayin ma'adana. Na san wanda ya ɓata yini guda yana zaton bai yi daidai ba, alhali abin yana nan a ɓoye.

Sai izini. Matakai uku ne: bugu, kula da takardun da ke layi, da kula da ita kanta firintar. A yadda Windows ke zuwa, kowa yana da izinin bugu. A nan kundi ke nuna amfaninsa, domin za a cire "kowa" a sa rukuni. Firintar kala mai shan tawada sai 'yan rukunin da aka zaɓa. Wanda aka mayar wani sashe, a cire sunansa daga wannan rukuni a sa a wancan, ba a taɓa firinta ba, ba a taɓa kwamfutarsa ba.

Na ƙarshe shi ne tura firintar ga mutane ta Group Policy, wato dokokin da kundi ke rarraba wa injuna. Ana iya ɗaura ta a kan mutum, duk kwamfutar da ya hau ta bi shi, ko a kan kwamfuta, duk wanda ya zauna a kanta ya same ta. Ɗakin kwamfutocin makaranta na biyun ya fi dacewa da shi. Injuna kan duba sababbin dokoki kusan kowane minti 90, da ɗan ƙarin jinkirin da bai wuce minti 30 ba, sai dai idan an buga gpupdate /force. Wani abu kuma da ke ba mutane mamaki: Kerberos ba ya son agogon kwamfuta ya sha bamban da na DC fiye da minti 5. Tsohuwar kwamfuta ta hannu wadda batirin agogonta ya mutu tana iya farkawa a wata shekara can baya, a ƙi karɓarta, mai ita kuma ya ɗora laifin a kan firinta.

Tafintan da ke shigowa da mabuɗin gida

Mu koma kan direban Hajiya. Direba ƙaramar manhaja ce da kamfanin firinta ke rubutawa, tana fassara takardarka zuwa harshen da injin ke ji, kamar PCL ko PostScript. Tafinta ne. Domin sauƙaƙa wa ofisoshi, Microsoft ta daɗe da tsarin Point and Print: ka nuna firinta a kan saba, saba ta turo wa kwamfutarka direban, ya shiga da kansa ba tare da an tambayi kowa ba. Shekara da shekaru haka ake yi, kowa na jin daɗi.

Matsalar tana wajen mai karɓar baƙon. Sashen Windows da ke kula da layin bugu sunansa Print Spooler, yana tashi da zarar an kunna kwamfuta, kuma yana aiki da matsayin SYSTEM, wanda ya fi na admin ɗin ofis ƙarfi. Maigadi ne da aka damƙa wa mabuɗin kowane ɗaki, har da na ma'ajiyar kuɗi. Duk wanda ya zo ya ce shi tafinta ne, maigadin ya shigar da shi ya zaunar kusa da tarin mabuɗan. Idan tafintan ɓarawo ne, an gama.

Ba sabon rauni ba ne. Ƙwayar Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta lalata injunan tace yuraniyam na Iran a Natanz, ɗaya daga hanyoyin da take bi ta yaɗu tsakanin kwamfutoci ita ce wata kafa a jikin wannan Print Spooler.

Abin da ya faru a 2021

A ranar 8 ga Yunin 2021 Microsoft ta toshe wata kafa mai lamba CVE-2021-1675. A ƙarshen watan, wasu masu bincike na kamfanin Sangfor na ƙasar Sin suka saki bayanin yadda ake kutse ta Print Spooler a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, suna zaton kafar da suka gano ita ce wadda aka riga aka toshe. Ashe wata ce dabam, a buɗe take. Sun cire bayanin cikin gaggawa, amma magana zarar bunu ce, an riga an kwafe. Aka raɗa wa abin suna PrintNightmare, aka ba shi lamba CVE-2021-34527 a ranar 1 ga Yuli, aka fitar da gyaran gaggawa a ranar 6 ga wata, har da na Windows 7 wadda aka daina tallafa wa tun Janairun 2020.

Abin da ya tayar da hankali shi ne wannan: duk mai asusu a ofis, ko ɗan bautar ƙasa da aka buɗe wa jiya, ko wanda ya saci kalmar sirrinsa, yana iya sa wata kwamfuta a netwok ta ɗora direban bogi, ya zama mai cikakken iko a kanta. Idan kwamfutar DC ce, kundin ma'aikata gaba ɗaya ya faɗa hannunsa. Hukumar CISA ta Amurka ta shawarci a kashe Print Spooler a kan DC da duk injin da ba ya bugu. Kafin watan Agusta ya ƙare, an ga gungun masu kulle bayanai don neman kuɗin fansa, irin su Magniber da Vice Society, suna amfani da kafar.

Ganin toshe rami ɗaya-ɗaya ba ya ƙarewa, a ranar 10 ga Agustan 2021 Microsoft ta sauya dokar daga tushe: daga ranar, ɗora direban firinta ko sabunta shi ta Point and Print sai da izinin admin. Akwatin da ya fito wa Hajiya ke nan. Firintarta lafiya lau take. Abin da ya faru shi ne an sabunta direban a saba ranar Juma'a, ya bambanta da wanda ke kwamfutarta, maigadi kuma yanzu an hana shi shigar da baƙo sai da sa hannun mai gida.

Masu cewa a buɗe da masu cewa a rufe

A rajistar Windows, inda ake ajiye saitunan kwamfuta, akwai mabuɗi guda mai dogon suna, RestrictDriverInstallationToAdministrators. Aka mayar da shi sifili, akwatin ya ɓace, kowa ya ci gaba da bugu kamar dā. Mai IT guda ɗaya da ke kula da rassa huɗu, wayarsa na ƙara tun asuba, oga na tambayar me ake biyansa albashi a kai, ba abin mamaki ba ne ya danna sifilin. Hujjarsa ita ce aiki ya tsaya, kuma wa zai damu da ƙaramin ofishinsu?

Ina jin tausayinsa, amma ban yarda da shi ba. Masu kuɗin fansa ba sa duba girman ofis kafin su shiga, duk ƙofar da suka tura ta buɗe ta nan suke bi. Microsoft da kanta ta bayyana cewa babu wani haɗin matakan kariya da ya kai barin wannan mabuɗi a kulle. A Afrilun 2024 ma ta ba da rahoton wani gungun kutse mai alaƙa da leƙen asirin sojan Rasha, wanda take kira Forest Blizzard, yana amfani da wani makami mai suna GooseEgg a kan wata kafar ta Print Spooler.

Akwai hanyoyi na tsaka-tsaki, kowace da farashinta. Ana iya ɗora direbobin tun lokacin da ake shirya kwamfuta, kafin a miƙa wa ma'aikaci, a kuma tabbatar sigar da ke saba daidai take da wadda ke injuna, sai ya zama babu abin saukewa. Wannan yana sauƙi idan ofis ya tsaya kan kamfani ɗaya ko biyu mai direba guda da ke aiki da firintoci da yawa. Mu kuwa mun saba, kowane ɗan kwangila da irin wadda yake kawowa. Ana iya komawa direbobi nau'i na 4, da suka zo da Windows 8 da Server 2012, waɗanda ba sa buƙatar saba ta turo manhaja. Sai dai a wasu injunan za a nemi zaɓin tire ko na ɗinke takarda a rasa. Ana kuma iya kafa doka cewa daga sabobin da aka lissafa kaɗai za a karɓi direba.

Inda na fi jin tsoro shi ne ofishin da ke da saba ƙwaya ɗaya tak, ita ce kundi, ita ce ma'ajiyar fayil, ita ce mai bugu. Ba za a iya kashe Print Spooler a kanta ba tare da bugu ya tsaya ba. Mafitar ba ta da tsada kamar yadda ake zato, domin lasisin Windows Server Standard ya ba da damar injunan gaibu guda biyu a kan Hyper-V, wato manhajar da ke sa inji ɗaya ya yi aiki kamar kwamfutoci daban-daban, sai a sa kundi a ɗaya, bugu a ɗaya. Kashe Print Spooler a kan DC ma yana da ɗan illa: shi ne ke leƙawa kowane awa 8 yana share firintocin da suka ɓace daga kundi. Idan ba ya aiki, sunayen matattun firintoci za su taru, sai an riƙa sharewa da hannu.

Shin da gaske za a kashe tsofaffin firintoci?

A'a, ba haka sanarwar ta ce ba. A Satumban 2023 Microsoft ta ce za ta daina rarraba direbobin kamfanoni ta Windows Update, mataki-mataki har zuwa 2027. Direban da ke akwai yana nan, kuma ana iya sauke shi daga shafin kamfanin a ɗora. Inda ta dosa shi ne bugu ba tare da direban kowane kamfani ba, ta harshe guda na IPP da firintoci masu shaidar Mopria ke ji. Ƙungiyar Mopria kamfanonin Canon, HP, Samsung da Xerox ne suka kafa ta a 2013. Mai iPhone da ke bugu ta AirPrint ba tare da ɗora komai ba ya riga ya ɗanɗana irin wannan.

A Windows 11 sigar 24H2 akwai zaɓin Windows Protected Print. Aka kunna shi, direbobin kamfanoni sun fita, firintoci masu Mopria kaɗai za su yi aiki. Nan ne tsofaffin jakunan aiki irin HP LaserJet 1020, mai igiyar USB kawai, da ke cike da shagunan buga takardu a bakin jami'o'i da sakatariyoyi, za su tsaya a waje. Saboda haka mai IT ya ƙirga injunansa kafin ya kunna, wanda zai sayi sabuwar firinta kuma ya duba ko tana da Mopria ko AirPrint a jikin kwalinta.

Akwai kuma Universal Print, inda sabar bugu ke komawa girgijen Microsoft, wato sabobinta da ke intanet, kundin ya zama Entra ID, wanda shi ma yake can. Ga kamfani mai intanet tsayayye abu ne mai kyau. Amma a ce takarda sai ta fita ta intanet ta dawo kafin ta fito daga injin da ke gefenka, a garin da netwok ke ɗaukewa da hadari ya haɗu, kuma ana biyan kuɗin wata-wata da ke bin farashin dala, ni dai ba zan yi gaggawar ba ofishin ƙaramar hukuma shawarar hakan ba.

Abin da ya shafi ma'aikaci

Bugu ta saba yana barin sawu. Akwai littafin aukuwa, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, wanda ke zuwa a kashe, amma idan admin ya kunna shi, kowane bugu yana shiga da lamba 307: wane ne ya buga, daga wace kwamfuta, shafi nawa, ƙarfe nawa. Sunan takardar ba ya fitowa sai an ƙara kunna wata doka. Akwai ma zaɓin da ke sa saba ta ajiye kwafin abin da aka buga maimakon sharewa. Mai shirin buga katin ɗaurin auren ƙaninsa guda 300 da tawadar ofis bayan an tashi, ya san da wannan.

Ta ɗaya gefen, takardar albashi ko sakamakon gwajin asibiti da aka tura firintar bene na ƙasa bisa kuskure tana iya kwana a tire kowa na karantawa. Suna mai ma'ana da cike gurbin wurin da firinta take a kundi suna rage wannan, haka ma bugu mai lambar sirri, inda takarda ba ta fitowa sai mai ita ya tsaya gaban injin ya danna lambarsa.

Idan kuma takarda ta maƙale a layi, danna bugu sau goma ba ya ƙara komai sai tsawon layin. Abin da yaron IT zai yi shi ne ya tsayar da Print Spooler, ya share fayilolin SPL da SHD da ke cikin jakar spool\PRINTERS a ƙarƙashin System32, ya sake tayar da shi. A ofishin Hajiya ranar, bayan ya buga kalmar sirrinsa direban ya shiga, wasiƙar mai shafi biyu ta fito sau bakwai.